Ina zan kai yara su ga itatuwa da namun daji a Legas?

Baban Khalifa, Agege

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin gari a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun makon jiya. Shekarata goma sha shida a Legas, a nan aka haifi yarana uku, kuma babban cikinsu yanzu yana da shekara goma sha huɗu. Ranar Asabar da safe muna shan kunun tsamiya, sai ta tsakiyar, 'yar shekara tara, ta tambaye ni ko ita ma tsamiya tono ta ake yi daga ƙasa kamar gyaɗa. Mahaifiyarta ta yi dariya, ni kuwa jikina ya yi sanyi, domin a ƙofar gidan da na tashi akwai tsamiyar da ta girmi kakana, kuma tun kafin in shiga makarantar boko na san kuka da kanya da ɗinya da magarya, na san lokacin da kowacce take nuna. Ga 'yata ta cikina ba ta san cewa tsamiya itaciya ce ba, kuma laifin ba nata ba ne, tunda daga gida sai makaranta sai Islamiyya, duk a tsakanin siminti da kwalta.

Mahaifiyata za ta zo daga Malumfashi a wannan hutun, za ta yi mana wata guda. Ta kusa shekara saba'in, kuma da wuya a nuna mata ganye ko saiwa ta kasa faɗin sunansa da amfaninsa. Ina so in ware yini guda in haɗa ta da jikokinta a wani lambu ko gandun daji, inda za su ga tsirrai da dabbobi, ita kuma ta riƙa yi musu bayani. Wane wuri ya fi dacewa, yaya ake zuwa daga Agege, kuma tsohuwa za ta iya jure tafiyar? Sannan za mu sami itatuwanmu na gida a can, ko kuwa in cire rai?

Maman Ummi, Obalende

Wa alaikumus salam Baban Khalifa. Allah Ya kawo Hajiya lafiya. Ni malamar firamare ce, kuma sau biyu ina cikin malaman da suka raka ɗalibai zuwa gandun da ake kira Lekki Conservation Centre, wanda yake kan babbar hanyar Lekki zuwa Epe, daidai kilomita 19, kusa da mahaɗar Chevron. Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, wato NCF, ita ta kafa shi a 1990, kuma faɗinsa hekta 78 ne. Idan ka dubi yadda gidaje da kantuna suka cinye Lekki gaba ɗaya, za ka yi mamakin yadda wannan yanki ya tsira, domin da zarar ka wuce ƙofa ka yi tafiyar minti biyar, ƙarar motoci za ta fara dusashewa, sai kukan tsuntsaye da na kwaɗi.

Yawancin wurin kurmi ne mai fadama, shi ya sa aka shimfiɗa hanyar katako a kan ruwa da taɓo, mai tsawon kusan kilomita biyu, ana bi ta ƙarƙashin itatuwa har a fita wani fili mai ciyawa inda ake hutawa. Hanyar a shimfiɗe take, babu hawa babu gangara, kuma akwai wuraren zama jefi-jefi, saboda haka idan Hajiya tana iya zuwa kasuwa da ƙafarta, ina ganin za ta iya, matuƙar ba a gaggauta ta ba. Abin da ba zan ba da shawarar ta hau ba shi ne gadar sama, wadda ake bi da ƙafa ta saman itatuwa. An buɗe ta a 2015, tsawonta mita 401, kuma ita ce ake kira mafi tsawo a irinta a Afirka. An rataye ta ne da igiyoyin ƙarfe daga wannan hasumiya zuwa waccan, raga ce ta kare ka dama da hagu, kuma kowane taku sai ta yi lilo. Na ga ƙarti majiya ƙarfi sun kai tsakiya sun kama salati, kuma idan an fara babu dawowa baya sai an kai ƙarshe. Amma wanda ya daure zai ga abin da ba a gani daga ƙasa, wato saman kurmin shimfiɗe kamar koren bargo, da rufin gidajen Lekki sun kewaye shi ta ko'ina. A zuwanmu ba a bar ƙananan ɗalibai sun hau ba, don haka ka tambaya a ƙofa kafin ka yi wa ƙananan alkawari.

Sai maganar birai, kuma ina roƙonka ka ɗauke ta da muhimmanci. Biran wurin irin na kurmi ne da ake kira mona, bayansu ja-ja ne mai duhu, ƙirjinsu fari tas, da ɗigon fari guda biyu a gindin wutsiya. Sun saba da mutane ƙwarai, kuma sun san ƙarar leda. A gabana wata ɗalibata ta buɗe ledar cincin, kafin ta kai hannu baki wani ya diro daga reshe ya fizge, ya koma sama ya zauna yana cusa cincin ɗin a kumatu har suka kumbura, domin suna da wata 'yar jaka a cikin kunci da suke adana abinci. Yarinyar ba ta ji ciwo ba, amma ta firgita sosai. Ku sa abinci a jaka mai zif, kada a buɗe sai an isa fili, kuma a gargaɗi yara kada su miƙa musu komai da hannu. Akwai ɗawisu da ke yawo a sake kusa da ƙofa, akwai manyan kunkuru, akwai tafkunan kifi, kuma akwai kada a cikin fadamar, sai dai ganinsa sai an yi sa'a.

Ɗan Mile 12

Malam, ni dai gaskiya zan faɗa maka ko da ba za ta yi daɗi ba. Daga Agege zuwa Lekki tafiya ce ta mai haƙuri, domin sai ka bi ta Oshodi, ka haye gadar Third Mainland, ka ratsa Ikoyi, sannan ka faɗa cunkoson hanyar Lekki, wanda idan ya ƙulle sai mutum ya yi awa uku a zaune. Tsohuwa da ƙananan yara a cikin motar haya ta danfo, ana sauka ana hawa a Obalende, kafin ku isa kowa ya galabaita. Idan ba ka da mota, ka yi shatar ta wani ɗan'uwa tun daga gida, ku fita bayan sallar asuba, ku baro can kafin la'asar. Ka kuma guji ranakun bukukuwa, domin a irin waɗannan ranaku jama'a sun fi itatuwan yawa, kuma hayaniya tana korar duk wata dabba ban da biri. Kuɗin shiga daban, na gadar sama daban, kuma farashi yana sauyawa, saboda haka ka bincika kafin ranar. Ni da na je na dawo ina ganin gidan zu na Audu Bako a Kano ya fi shi abin kallo, tunda a can ka ga zaki ka ga jimina, a nan kuwa na wuni ban ga komai ba sai birai da ganye.

Ɗalibin Akoka

Ina gaida iyayena da yayyena. Ni ilimin tsirrai nake karanta, kuma da izinin yayana na Mile 12 zan ɗan saɓa masa, ko da yake abin da ya faɗa game da hanya gaskiya ne. Gidan zu da lambun tsirrai da gandun daji abubuwa uku ne mabambanta. A gidan zu an kamo dabba an killace ta domin ka gan ta. A lambun tsirrai an tattaro itatuwa daga wurare dabam-dabam an dasa, an rubuta wa kowacce suna, domin nazari da gwaji. Irin wannan lambu ya daɗe a Legas, domin tun 1887, zamanin gwamna Alfred Moloney, aka kafa tashar gwajin tsirrai a Ebute Metta, inda ake renon dashe ana raba wa manoma. Gandun Lekki kuwa ba a dasa kurminsa ba, katange shi aka yi aka hana sara da gini, domin a bar wa na baya samfurin yadda ƙasar nan take kafin a cike fadamu da yashi. Wanda ya shiga yana neman zaki zai fito da takaici, amma wanda ya shiga a natse yana duba sama da ƙasa ba zai gaji da kallo ba.

Game da tambayarka ta ƙarshe, Baba, kada ka sa ran ganin kuka ko aduwa ko bagaruwa a cikin wannan kurmi. Waɗannan itatuwa ne na ƙasar da rani yake da tsawo. Kuka tana tara ruwa a cikin gangar jikinta, ta zubar da ganye ta jira damina, kuma saiwarta ba ta jure zama cikin ruwa wata da watanni. Ruwan da ake yi a Legas a shekara ya ninka na Katsina fiye da sau biyu, ga shi ƙasar Lekki tana daf da teku, ko tono kaɗan ka yi sai ka tarar da ruwa. Itatuwan kurmin Lekki kuwa damuwarsu ba ruwa ba ce, rana suke nema, shi ya sa za ka ga sun miƙe zar suna tsere zuwa sama, masu yaɗo sun nannaɗe su, wasu ƙananan tsirrai kuma sun yi zamansu a kan rassa ba su taɓa ƙasa ba.

Duk da haka Hajiya ba za ta zama baƙuwa ba, domin da yawa daga cikin itatuwan kudu suna da 'yan'uwa a arewa. Fadamar cike take da dangin tukurwa, wadda ake samun gwangwala daga gare ta, sai dai ta nan ta fi tamu girma nesa ba kusa ba, kuma a cikin wannan dangi ne ake samun ganye mafi tsawo a duk tsirran duniya, wanda yakan haura mita ashirin. Za ku ga kwakwar manja, za ku ga dangin ɓaure da ceɗiya. Rimi ma ba baƙo ba ne a ƙasar Yarabawa, araba suke ce masa, kuma unguwar Idi-Araba da Hausawa suka daɗe a cikinta ma'anar sunanta gindin rimi. Wannan kaɗai darasi ne da yaro ba zai manta ba.

Idan kun sami wata ranar, ku ƙara gaba kan hanyar Epe, bayan Ajah, akwai wani gandun daji da ake kira LUFASI, wanda Desmond Majekodunmi ya kafa. An san shi da itacen ekki, mai katako mai tsananin ƙarfi da nauyi, wanda ake shimfiɗa wa layin dogo ana kuma gina gada da shi, kuma sabon tohonsa ja ne wur. Shi ma ɗan'uwa ne na kusa ga namijin kaɗe da muke da shi a dazukan arewa, idan Hajiya ta ga ganyen za ta gane dangantakar. Wurin yana kuma ƙoƙarin kare ungulu, wadda tun 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da suke gab da ƙarewa a duniya, saboda guba da kuma farautar ta da ake yi don haɗa magunguna. Duk wanda ya girma kusa da mahauta ya san yadda take cika kan katanga a da, kuma ya san yanzu sai a shekara ba a ga ko ɗaya ba.

Alhaji na Zango

Salamu alaikum. Jikana ne yake karanta mini wannan zance, shi ne kuma yake rubuta abin da nake faɗa. Baban Khalifa, Allah Ya yi maka albarka da ka damu da wannan, domin ba kowane uba ne zai ji tambayar yarinya ya hana kansa barci ba.

Ina so in tuna maka cewa kai kanka a tsohon lambu kake zaune. Abin da ya kawo iyayenmu Agege goro ne. Ƙasar nan gonakin goro ce da koko, kuma da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano, sai fatake suka riƙa sauka a nan suna saye suna ɗaure huhu suna lodawa zuwa arewa, har Zango ya kafu ya zama gari. Na yi shekara fiye da hamsin ina wannan sana'a, kuma na sha haɗuwa da mutanen da suke cin goro kullum amma ba su taɓa ganin uwarsa ba. Itaciya ce mai duhun ganye, mai son inuwa da laima, 'ya'yanta suna fitowa cikin wani ƙwanso kore mai ƙurji-ƙurji, idan an fasa shi sai a tarar da goro a jere, kowanne lulluɓe da farar riga, sai an jiƙa an wanke kafin ya fito yadda kuka san shi, wani fari wani ja. Ganyen fita da muke naɗe shi a ciki don kada ya bushe, shi ma a inuwar kurmi mai damshi yake fitowa. Yau duk inda na san gonar goro a Agege bene ne ko shago, sai mutum ya nufi wajen Shagamu kafin ya ga gona sosai.

Saboda haka ka kai su, kada ka fasa. Kuma shawarata ita ce kada ka riƙa yi musu lacca, ka bar tsohuwa ta yi gaba su bi ta. Yaro yana riƙe sunan itacen da ya taɓa da hannunsa fiye da wanda aka nuna masa a takarda. Ku ɗauki dadduma da buta, ku sa takalmi mai rufi, ku shafa maganin sauro, kuma idan hadari ya haɗo ku haƙura da ranar, domin katako mai jiƙa yana da santsi. Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya.

Baban Khalifa, Agege

Assalamu alaikum. Na dawo ne in yi godiya in kuma ba da rahoto, tunda ba daidai ba ne mutum ya karɓi shawara ya yi shiru. Mun je ranar Talata. Mun bar gida ƙarfe shida saura a motar wani maƙwabcina, kamar yadda ɗan'uwana na Mile 12 ya ce, kuma duk da haka sai da muka sha cunkoso a dawowa, amma zuwan ya yi sauƙi, har muka jira aka buɗe ƙofa.

Na bi shawarar Alhaji, na ja bakina na koma baya. Da farko Hajiya ba ta ce komai ba, tana tafe tana dogara sandarta a kan katako, tana kallon ruwan da ke ƙarƙashinmu, wanda ya yi launin shayin da ba a sa wa madara ba saboda ganyen da ke ruɓewa a ciki. Can sai ta tsaya cak, ta ɗaga sandar ta nuna wani ganye da ya rankwafo kan hanya, ta ce, "Kai, wannan ai tukurwa ce ta samu wuri." Daga nan bakinta ya buɗe. Ta gaya wa yara cewa gadon da aka kai ta ɗakin miji da shi na gwangwala ne, ta sa kowannensu ya shafa jijiyar ganyen ya ji santsinta da ƙarfinta, ta kwatanta musu yadda ake fere ta ana jera ta. Da muka ƙara gaba ta ga wata itaciya mai 'ya'ya manne a jikin reshe, ta ce ko ba a gaya mata ba wannan 'yar gidan ɓaure ce, ta nuna musu farin ƙaron da ya tsattsafo daga wani ganye da biri ya karya. Inda ba ta sani ba kuwa ba ta yi ƙarya ba, sai ta ce wannan ba ta ƙasarmu ba ce, a tambayi masu wurin, kuma ma'aikacin da ke kusa ya yi mana bayani da haƙuri.

Birai sun zo kamar yadda Maman Ummi ta faɗa, amma jakarmu a rufe take, sai suka raka mu ta sama suna leƙe. Abin da ya fi kama hankalin ƙaramin shi ne wata uwa da ɗanta maƙale a cikinta, tana tsalle daga reshe zuwa reshe shi kuwa ko gezau. Hajiya ta ce jan birin da ke yi musu ɓarna a gona a ƙasa yake gudu kamar kare, waɗannan kuwa da alama ƙasa ba ta dame su ba. Kada bai fito ba. Mun dai ga guza kwance a kan wani gungume yana shan hantsi, da zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya a bakin ruwa, da mazari da malam-buɗe-littafi iri-iri. Ni da Khalifa mun hau gadar sama, ya riƙe raga da hannu biyu har muka sauka, amma da ya taka ƙasa cewa ya yi a sake.

Mun yi azahar a filin ciyawa, muka ci dambun nama da zoɓo, Hajiya ta miƙe ƙafa ta huta kusan awa guda. A nan ne 'yar tawa ta matso kusa da ita ta sake yin tambayar tsamiya, sai kakarta ta zana mata itaciyar da yatsa a kan yashi, da ƙananan ganyenta da yadda 'ya'yan suke reto, ta yi mata alkawarin cewa idan sun je gida da babbar sallah za ta kai ta gindin tamu ta tsinko da hannunta.

Yarinyar ba ta iya jira ba. Washegari ta tsince ƙwallaye huɗu daga tsamiyar kunu, ta jiƙa su kwana ɗaya bisa umarnin kakarta, ta shuka a gwangwanin madara da muka huda wa gindi, kuma yau kwana goma sha ɗaya biyu sun tsiro. Ɗalibin Akoka, tambayata gare ka ita ce, gidan haya muke kuma tsakar gidan duk siminti ne, wata nawa za su iya yi a gwangwani kafin saiwar ta matsu, kuma da wannan ruwan na Legas in bar su a waje ne ko in riƙa shigar da su ƙarƙashin baranda?